Tef, gam ko sabon ƙoƙo: me ya dace da bakin takalmin hoki da ya cinye?

Ɗan'uwa, ka ce bakin takalminka na hokin ƙanƙara ya goge har ya yi fari, a gefe ɗaya kuma ka ga wani layi kamar tsaga. Kana tambaya ko tef za ka naɗa, ko gam za ka shafa, ko kuwa takalmin ya tashi aiki ke nan. Kafin mu kwatanta su, duba layin nan tukuna, don shi zai raba gardama.

Kwance igiyar, ka ja harshen takalmin gaba, ka zura hannu ciki, sannan ka danna ƙoƙon robar da ke rufe yatsu da ƙarfi daga waje. In bai motsa ba, farce ma bai shiga layin ba, karce ne kawai. In kuwa layin ya buɗe baki, ko ka ji shi da yatsa ta ciki, to ƙoƙon ya tsage, maganarsa daban ce. Dalilin da na matsa a kan wannan shi ne aikin ƙoƙon ba ado ba ne. Faifan da ake bugawa baƙar roba ce mai tauri, nauyinsa ya kai giram 170, kuma a manyan wasanni daskarar da shi ake yi kafin a fara. A 2012 Zdeno Chara, wani shahararren ɗan wasan hoki, ya buga shi da gudun kilomita 175 a awa. Abokan wasanka ba za su kai haka ba, amma rabin wannan ma ya isa ya karya yatsa.

To, mu ɗauka karce ne. Tef shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Danshi na shiga ƙarƙashinsa, bakinsa ya ɗaga, guntayensa su zube a kan ƙanƙara su kayar da wani. Na fita kunyar wasa ɗaya ne.

Kokawar ta gaskiya tsakanin gam iri uku take. Na farko shi ne gam ɗin takalmi mai laushi, irin su Shoe Goo. Yana bushewa ya zama kamar roba, yana lanƙwasa tare da takalmin, ba ya buƙatar haɗi. Aibinsa laushin nan nasa: wuƙar takalmin wani, wato ƙarfen da ke ƙasan takalmi da ake sulɓi da shi, tana yanka shi, goga da ƙanƙara na cinye shi, sai ka riƙa ƙarawa lokaci-lokaci. Ga wanda ke wasa jefi-jefi, ya wadatar.

Na biyu efoksi, wanda ake haɗa ruwa biyu. Mutane na son sa don yana yin tauri kamar dutse, kuma taurin ne matsalarsa. Ƙoƙon yakan ɗan lotsa in faifai ya same shi, sannan ya dawo, shi kuwa efoksi ba ya lotsawa, ga sanyi na ƙara masa gautsi. Na taɓa shafa shi a takalmina, ya yi sheƙi, na ji daɗi. Bugu ɗaya mai kyau ya ɓamɓare gaba ɗaya kamar ɓawon ƙwai. Laifina ne ma a wani ɓangaren, don ban goge wurin da kyau ba.

Na uku, wanda ni shi nake zaɓa, foliyuretan ne mai haɗi biyu, irin su Tuff Toe, wanda masu jifa a wasan besbol ke shafawa a bakin takalminsu. Ya fi gam ɗin takalmi jure goga nesa ba kusa ba, kuma bai da gautsin efoksi. Sai dai yana kamawa da wuri, ba ya ba ka lokacin gyara kuskure, cire shi kuma wahala ne. Mai tsaron raga, wanda kullum gefen takalminsa ke jan ƙanƙara, da wanda takalminsa tsohon yayi ne mai yadi a kan ƙoƙo, su suka fi morar sa.

Ko wanne ka ɗauka, shiri ne rabin aikin. Robar ƙoƙo santsi gare ta, gam ba ya son kama ta. Bari takalmin ya bushe sarai, ka goge wurin da samfefa mai kaushi har sheƙin ya tafi, ka share ƙurar da sifirit, ka kewaye iyakar da tef don kada ya malala kan ramukan igiya ko mariƙin wuƙa. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. A wuri mai iska za ka yi, kuma ka ba shi aƙalla awa 24 kafin ka hau ƙanƙara.

In kuma gwajin ya nuna tsaga ce, don Allah kada ka rufe ta da gam ka ce an gama. Gam zai ɓoye ta daga idonka, ƙarfin ƙoƙon kuwa ba zai dawo ba. Kai takalmin wurin mai gyaran takalman hoki. Canza ƙoƙo aiki ne babba: sai an cire ƙusoshin da suka riƙe mariƙin wuƙa ta gaba, an farke ɗinki, an sa sabo daidai girman takalmin, an mayar da harshe. Ba kowane samfuri ake samun ƙoƙonsa ba, saboda haka ka tambaya tun farko. Kafin ka biya, matsa gefen takalmin wajen idon sawu. In har yanzu yana da tauri, gyaran ya cancanta. In ya saki ya yi laushi, tara kuɗin ka sayi wani.

Ɗan baya mai yawan tare bugu da ƙafa kuma, bayan gyaran ya duba garkuwar roba mai tauri da ake ɗaurawa a kan takalmi. Yawancinsu saman ƙafa da gefe suke rufewa, don haka ya tabbatar wadda zai saya ta sauko har kan ƙoƙon.