Jariri ya fara juyawa cikin barci: a mayar da shi ko a ƙyale shi?

Iyaye mata a Sakkwato suna yawan tambaya: idan jariri ya juya rub da ciki da dare, a mayar da shi rigingine ko a bar shi?

Mayarwa ta fi aminci a farkon juyawa, yawanci tsakanin wata 4 zuwa 6. Wuyansa bai gama ƙwari ba, kuma idan fuskarsa ta nutse a katifa, iskar da ya fitar zai riƙa shaƙa. Wahalarta dai uwa ba ta samun isasshen barci.

Ƙyalewa ta fi sauƙi, amma da sharaɗi: katifa mai tauri, babu matashin kai, babu bargo, a cusa bakin gidan sauro ƙarƙashin katifa. Lallai a daina naɗe masa hannuwa da zane, domin da su yake ɗaga kansa. Da zafin bazara, riga ɗaya mara nauyi ta isa.

Ko wanne aka zaɓa, rigingine za a riƙa kwantar da shi har ya cika shekara 1.

Mayarwa ta dace da wanda ke kifewa ya kasa dawowa, ƙyalewa kuma da wanda ke juyawa ya dawo da kansa.