Kaza da kayan lambu a tire ɗaya: me za ki duba kafin ki cire kuɗinki?

Duk macen da ke fita aiki ta san wahalar lokacin nan na tsakanin la'asar sakaliya da isha'i. Kin shigo a gajiye, yara sun fara leƙen kicin, maigida yana hanya. A irin wannan daren ne gashin tire ɗaya yake fitar da ni kunya. In yanka dankali da karas da albasa, in cuɗe su da cinyoyin kaza da mai da citta da tafarnuwa, in baje a tire in tura oben. Kafin in idar da magariba in duba littattafan yara, ƙamshi ya cika gidan. Wanke-wanken ma bai wuce tire da wuƙa da roba ɗaya ba.

Sai dai mata da yawa sun gwada sun fasa. Kazar ta fito fara fat tana iyo cikin ruwa, ko ƙasa ya ƙone sama bai nuna ba, sai uwargida ta ɗauka hannunta ne. Yawanci ba hannunki ba ne, 'yar uwa, tiren ne. Shi ya sa nake cewa a fara maganar saye daga kansa, duk da shi ne mafi arha a cikin kayan.

Tiren da na fara saye irin sirarin nan ne masu sauƙin kuɗi, marar nauyi kamar murfin gwangwani. Minti goma da shigarsa oben sai na ji ƙara, ƙwas! Da na buɗe, kusurwa ɗaya ta ɗaga sama, man duk ya gangare ɗaya gefen. Albasar da ke tudu ta bushe ta yi baƙi, dankalin da ke kwari yana dahuwa cikin mai da ruwan kaza. Haka siririn ƙarfe yake yi idan zafi ya buge shi ba daidai ba. Don haka idan kin je kasuwa, kama tiren ta kusurwa biyu masu kallon juna ki ɗan murɗa. In ya biyo hannunki, ajiye musu kayansu. Ki shafa bakinsa kuma: mai kyau za ki ji an naɗe bakin ya yi kauri, wani ma da waya a ciki, ita ke riƙe shi kada ya lanƙwashe.

Wanda na fi yarda da shi shi ne na alminiyam mai kauri, fari, ba shafe ba fenti. Alminiyam yana watsa zafi fiye da silba sau goma da ɗoriya, shi ya sa tsakiya da gefe suke nuna kusan tare. Aibinsa biyu ne. Yana dafewa da tabon mai, wanda ba ya hana shi aiki, kuma ba ya shiri da tsami: tumatir mai yawa ko ruwan lemon tsami yana cin fuskarsa, har abincin ya ɗan yi ɗanɗanon ƙarfe. Maganin wannan takardar gashi ce ki shimfiɗa, ko ki bari sai kin sauke ki matsa lemon.

Na silba ya fi kyan gani, ba ya tsatsa, tsami ba ya masa komai, amma abinci yana kama masa kuma gashinsa ba ya tafiya daidai. Mai baƙin shafen nan da abinci ba ya kamawa yana da daɗin wanki a watannin farko. Matsalarsa, wannan girkin zafi yake so, digiri 200 zuwa 220, shi kuwa shafen ba a son ya wuce 260, kuma oben ɗin gas marar ma'auni yana iya kaiwa can ba ki sani ba. Ga cokalin ƙarfe da soson waya, da zarar sun karce shi ya fara ɓarewa ke nan. In a gidanki hannaye da yawa ke wanke-wanke, kada ki sa kuɗinki a nan. Kwanon gilashi kuwa, irin su Pyrex, na abinci mai romo ne. Yana jinkirin ɗaukar zafi, kuma in kika fito da shi da zafinsa kika ɗora kan jiƙaƙƙen wuri yana iya tarwatsewa.

Zurfi ma abin dubawa ne. Bakin tire ya tsaya wajen santimita 2 da rabi, ya tare mai amma ya bar tururi ya fita. Kwano mai zurfi yana riƙe tururi, sai gashi ya koma turare.

Kafin ki fita, ari tef ɗin tela ki auna cikin oben ɗinki, faɗi da zurfi, ki rubuta a waya. Babban tiren da ake yayi a Amurka santimita 46 ne da 33, kuma da wuya ya shiga ƙananan kukar gas ɗinmu masu faɗin santimita 50. Rabinsa, mai 33 da 23, yana shiga kusan ko'ina. Ki bar tazarar yatsu biyu tsakanin tire da bangon oben don iska ta zagaya. Ni da za a ba ni zaɓi tsakanin babba ɗaya da ƙanana biyu, ƙananan zan ɗauka. Kaza a ɗaya, kayan lambu a ɗaya, wanda ya riga nuna ki fitar da shi. Kuma hakan zai hana ki cunkusawa, domin kayan da suka hau kan juna ruwa suke fitarwa, ba sa gasuwa.

Sai batun wutar kanta. In kina da kukar gas mai oben a ƙasa, wadda a gidaje da yawa ta zama ma'ajiyar tukwane tun ranar jere, fito da tukwanen ki gwada ta kafin ki sayi wani abu. Babbar falalarta ita ce ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Amma harshen wutar daga ƙasa yake, don haka tire ya zauna a tsakiya, ba a gindi ba. Gas kuma yana fitar da ɗan danshi idan yana ci, shi ya sa fatar kaza ba ta saurin yin ja a cikinsa. Ki tsane kazar da kyau kafin ki shafa mata mai. In lambobi ne a jikin makunnin maimakon digiri, a tsarin Ingila lamba 6 ita ce digiri 200, lamba 7 kuma 220. Masu arha wasu ba su da komai sai babbar wuta da ƙarama. Ga irin waɗannan, ɗan ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki ya fi sabon oben amfani. Wajen kunnawa, don Allah ki buɗe ƙofar, ki ƙyasta ashana tukuna sannan ki murɗa gas.

Oben ɗin lantarki na kan tebur ya fi iya gashi, tunda yana da wuta sama da ƙasa, mai fanka a ciki ma ya fi. Yawancinsu suna jan wat 1,500 zuwa 2,000. Mai wat 2,000 in ya yi minti 45 bai wuce yunit ɗaya da rabi ba, to ko masu Band A, wato rukunin da aka fi ba wutar lantarki, da kuɗin yunit ɗinsu ya haura naira 200 a Afrilun 2024, ba kuɗin ne zai kashe su ba. Abin tambaya shi ne, a unguwarku akwai wuta da magariba? Ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba ba zai ja shi ba, kuma babu takaici irin a ɗauke wuta kaza na rabin nuna. Eya firaya, na'urar nan mai gasawa da iska mai zafi, ta fi kowa sauri, cinya tana nuna cikin minti 25 ko ƙasa da haka. Kwandonta ne ƙarami. Ta amarya da ango ce. Gida mai mutum shida sai an yi zubi uku, saurin ya tashi a banza.

Wace kazar kuma? A nan kazar Hausa, duk da ta fi zaƙi a miya da farfesu, ba ta dace ba, haka tsohuwar kazar ƙwai. Namansu yana son doguwar dahuwa, in kika gasa su ɗanye za su fito kamar igiya, sai dai ki tafasa su tun daren jiya. Kazar gidan gona mai nama, wadda ake yankawa tana 'yar mako 6 zuwa 8, ita ce ta wannan aikin. A cikinta ma cinya ta fi ƙirji. Cinya mai ƙashi da fata tana ɗaukar minti 35 zuwa 45 a digiri 210, daidai da lokacin da dankalin turawa da karas suke buƙata in an yanka su kamar kan babban yatsa, kuma ko ta ɗan zarce ba ta bushewa. Ƙirji yana nuna kusan minti 20, in ya wuce ya zama auduga. Kowanne ne, tsakiyar naman ya kai digiri 74, kuma in kin soka kusa da ƙashi ruwan ya fito garau ba ja.

Kayan lambu ba su da wuyar zaɓe. Masu tauri, dankalin turawa na Jos, dankalin Hausa, karas, kabewa, su shiga tare da kazar. Tattasai da koren wake da kabeji su jira sai saura minti 15 zuwa 20. Albasa ki yanka ta manya, siririya ƙonewa take. Yajin ƙuli ma haka, in kika barbaɗa tun farko zai yi ɗaci, ki bar shi sai ƙarshe.

Ranar da kika je sayen kaji, ki ce wa mai fiɗar ya ware miki cinyoyi daban, kada ya sare su ƙanana irin na miya. Ki cuɗe su da kayan ƙamshi tun ranar Lahadi, ki ƙulla huɗu-huɗu a leda. Ta Litinin da Talata ta zauna a firij, sauran a firiza, ki riƙa sauko da leda ɗaya cikin firij tun daren da ya gabata don ta saki kafin ki dawo.