Motar rimot ta daji a ƙurar Sakkwato: abin da ya karye, abin da ya jure, da kayan da suka ci kuɗinsu

Duk wanda zai sayi motar rimot irin wadda ake kira bagi, mai tayoyi a waje da fiffike a baya, ya fara sanin cewa a garin nan ƙura da zafi sun fi karo yi mata illa. Tawa ta ga hunturu, ta ga bazara, ta ga damina, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani, musamman saboda masu tare ni da yamma suna tambaya ko su ma su yi oda.

'Yar China ce, girman 1/14, wato kashi ɗaya cikin goma sha huɗu na motar gaske, tsawonta kimanin santimita 30. Tayoyi huɗun duka suna ja. Shasinta alminiyam ne, injinta mai burushi ne lamba 550 (burushi su ne 'yan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa a cikin inji, suna kuma cinyewa a hankali), batirinta LiPo mai sel biyu, volt 7.4, ƙarfin 1500mAh, rimot ɗin kuma 2.4GHz. A jikin kwali an rubuta kilomita 60 a awa. A kan fako mai ƙarfi gudunta yana ba da tsoro, a rairayi kuwa ka manta da wannan lissafi. Irinta suna da yawa a kasuwa, suna daban-daban, ƙira kusan ɗaya, shi ya sa abin da zan faɗa zai yi wa mafi yawansu daidai. Caji ɗaya ba ya kai minti goma idan kana take ta sosai. Wannan shi ne abu na farko da ke ba sabon shiga haushi.

Shasin dai ba ni da ta cewa a kansa. Ƙasansa ya sha karce da tsakuwa har fentin ya tafi, amma bai lanƙwashe ba. Bodin roba ya tsage ta wajen ramukan da ake maƙala shi, na liƙe ta ciki da tef mai zare, ya ci gaba da aiki. Fiffiken baya shi ke fara taɓa ƙasa duk lokacin da ta yi adungure, kuma har yau yana nan, sai dai ya ɗan karkace.

Abin da ya fara karyewa hannun tayar gaba ne, wato robar nan da ke riƙe taya da jikin mota tana hawa da sauka. Ta daki kututturen dogon yaro da gefe ɗaya tana cikin gudu, hannun ya ɓalle daidai inda fil ɗin ƙarfe ya ratsa shi. A nan ne kowa ke ba ka shawara iri ɗaya: ka sa na alminiyam ka huta. Hotunansu a intanet ma sun isa su ja ka, ja da shuɗi da ruwan gwal, suna walƙiya.

Ni ban sa ba, kuma ina ba da shawarar kada a sa. Wani abokinmu da ke da irin motar ya canja hannaye huɗun duka zuwa alminiyam, har da maƙalan taya. Ranar da ya yi nasa karon, hannun bai karye ba, gaskiya ne. Amma ƙarfin dukan ya wuce ciki, ya lanƙwasa fil, ya tsaga akwatin giyar gaba, hannun da kansa kuma ya ɗan murɗe yadda ido ba ya gani, sai mota ta koma tana jan gefe ɗaya. Ni na kwance sukuru biyu na sa sabon hannu kafin a kira magariba. Shi sai da ya wargaza gaban motar gaba ɗaya, ya zauna jiran kaya na makonni. Hannun roba aikin fis yake yi a wayarin gida: an yi shi mai arha ne don ya mutu a madadin abin da ya fi shi tsada. Roba tana lanƙwasa ta dawo, idan abin ya fi ƙarfinta ta karye. Alminiyam mai arha idan ya lanƙwashe ya zauna a haka ke nan. Yawancin waɗannan masu launi ma ba su kai ingancin alminiyam mai lamba 7075 da ake yi wa motocin gasa ba, laushi gare su, ramin sukuru yana buɗewa da wuri, sai ka ji taya tana kaɗawa.

Masu ƙera motocin gasa sun daɗe da sanin haka. RC10 ta kamfanin Team Associated na Amurka, wadda ta fito a 1984 kuma ta ci gasar duniya a 1985, shasinta alminiyam ne amma hannayenta na nailan ne. Har yau motocin gasa masu tsada da hannun roba suke zuwa. Idan waɗanda ke neman kofi ba su ga dalilin canjawa ba, ban ga dalilin da zai sa mu masu wasa a bayan unguwa mu canja ba.

Akwai wata dabara da ta dace da mu fiye da mutanen ƙasashe masu laima. Nailan, wato robar da ake yin hannayen da ita, yana shan danshi, kuma danshin ne ke ba shi taushi. A hunturu iskar Sakkwato ba ta bar wa komai danshi, leɓe ma tsagewa yake yi, don haka robar takan bushe ta yi saurin karyewa, balle da sanyin safiya. Idan sababbin hannaye sun iso, nakan zuba su a ruwan zafi su ɗan dahu, in bar su su huce a cikin ruwan. Maigida da tukunya a kan wuta yana dafa kayan mota, ka san sai an yi dariya a cikin gida, amma tun da na fara haka karyewar ta ragu.

Yanzu ga ƙura, wadda ita ce babbar magana.

Motar tana da boris ƙanana a kowace taya da cikin akwatunan giya. Waɗanda suka zo da ita masu murfin ƙarfe ne, kuma murfin ƙarfe ba ya rufewa ruf. Ƙurar hazo laushinta kamar gari, tana shiga ta haɗu da giris ta zama abin goge ƙarfe. Alamar farko ƙara ce, wani shuu da ba ka saba ji ba. Idan ka ɗaga motar ka juya taya da hannu za ka ji tana gurzawa. Na cire na tayoyin baya na jiƙa su a kananzir, abin da ya fito jan laka ne. Wankin ya taimaka na ɗan lokaci, amma maganin gaskiya shi ne boris masu murfin roba, waɗanda ake rubuta 2RS a ƙarshen lambarsu. Masu ZZ su ne masu murfin ƙarfe. Cikin duk kuɗin da na kashe wa motar nan, babu wanda ya biya ni kamar wannan. Ka auna naka da kyau kafin ka yi oda, domin bambancin milimita ɗaya ya isa ya sa ka yi asara.

Sai giya. Ƙaramar giyar da ke kan inji ƙarfe ce, babbar da take juyawa roba ce. Tsakuwa ɗaya 'yar mitsitsiya ta shiga tsakaninsu, ta cinye haƙora uku, mota ta koma tana kuka ba ta tafiya. A nan ma ana sayar da ta ƙarfe, kuma a nan ma ina da ja: idan tsakuwa ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sandar inji ko giyoyin ciki ne za su ji a jikinsu. Na sayi ta roba guda biyu na ajiye, na toshe ɓarakar murfin giyar da tef. Wajen ɗaurawa, ka sa 'yar takarda tsakanin giyoyin biyu, ka matsa su, ka ɗaure inji, sannan ka zare takardar. Wannan ɗan sararin shi ake so. Idan ka matse da yawa inji ya yi zafi, idan ka saki da yawa haƙora su tafi. Kuma kada ka shafa giris a wannan wuri, kiran ƙasa kawai yake yi.

Injin yana da maganaɗisu, kuma yana da ramukan shan iska, saboda haka duk ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin ƙasa wurinsa yake nufa. Bayan kowane wasa nakan share shi da tsohon burushin haƙori. Wani lokaci in biya wurin mai faci ya hura mini iska, amma daga nesa, kuma ba saitin boris ba, don iska mai ƙarfi tura ƙurar ciki take yi. Shokazoba huɗun masu mai ne. Ƙura tana manne wa sandarsu ta cinye zoben robar da ke tare man, sai ka ga sun jiƙe. Man silikon ake sa musu. Wani ya zuba baƙin man babur a nasa, zoben ya kumbura, shokazoba ta daina dawowa. Tayoyi kuwa soso ne a cikinsu, ba iska ba, don haka tsidau da ƙarangiya ba su dame su ba. Sai dai rairayi yana shiga ta 'yan ramukan da ke jikin wili ya taru a gefe ɗaya, mota ta riƙa karkarwa idan ta ɗauki gudu.

Zafi kuma batir yake nema. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ba na fita da ita sai bayan la'asar sakaliya. LiPo ba ya son zafi ko kaɗan. Kowane sel yana cika a volt 4.2, kuma idan za ka ajiye shi kwanaki, a kusan 3.8 ake barinsa, ba a cike ba. Batirin da aka bari a cike cikin mota a rana kumbura yake yi, kuma wanda ya kumbura ya tashi daga aiki, kada ka huda shi, kada ka sake caja shi, wuta yake kamawa. Ina caja nawa a kan siminti, nesa da katifa da labule, kuma ina wurin. 'Yar cajar da ta zo a kwali tana aiki amma jinkiri gare ta, kuma ba ta nuna maka komai. Na sayi caja mai daidaita sel, wato mai cika kowane sel daidai da ɗan'uwansa, mai allo, wadda ke karɓar volt 12. Wannan na ƙarshen shi ne muhimmi a wurinmu, domin ko babu wuta sai in jona ta da batirin sola. Masu cewa a haɗa sel daga tsohon batirin laftof su yi haƙuri, waɗannan ba a yi su don ba da wuta mai yawa a lokaci ɗaya ba, da ka taka sai su durƙushe.

Shi ma inji yana gasuwa, musamman a rairayi mai zurfi irin na wajen Kwalkwalawa idan ruwa ya janye. Gwajina mai sauƙi ne: idan ba zan iya barin yatsa a jikinsa na daƙiƙa uku ba, a huta. Kada ka cire batir ka sa wani nan take ka ci gaba. Na rage girman giyar inji da haƙora kaɗan, gudun ya ɗan sauka, zafin ya ragu sosai, kuma caji ya ƙara daɗewa. Na kuma ɗora masa 'yar fanka.

Ba mu da shagon kayan irin waɗannan motoci, amma muna da masu hannu. Ranar da wayar inji ta cire saboda zafi ya narkar da dalma, wurin wani yaro mai gyaran waya na kai ta. Ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Yallaɓai, wagga ai ta yara ta, mi kaka yi da ita?" Da ya ga kaurin wayar sai ya ajiye ƙaramin ƙarfensa ya ɗauko babba, ya yi aiki mai kyau, ya kuma ƙi karɓar kuɗi sai dai in bar shi ya tuƙa. Fil ɗin da ya lanƙwashe kuwa, sifok ɗin keke mai kauri daidai ya maye gurbinsa har na asali ya iso. Abin da ba za ka samu a nan ba shi ne hannaye, giya da boris masu wannan girma. Su sai oda, kuma oda makonni ce, saboda haka ka saye su tare da motar tun ranar farko. Ka haɗa da alanki masu kyau, na milimita 1.5 da na 2, da gam mai hana sukuru kwancewa, mai launin shuɗi, don duk sukurun da ke shiga ƙarfe. Girgiza tana kwance su ɗaya bayan ɗaya, kuma notin taya idan ya faɗi a rairayi ya tafi ke nan.

Wani abu da ya kamata a faɗa: wannan ba abin wasan ƙananan yara ba ne, duk da kamanninta. Nauyinta ya haura kilo ɗaya, kuma yara da sun ji ƙararta sai su biyo ta da gudu. Idan ta sami idon sawu a cikin wannan gudu, magana ce ta asibiti. Akwai maɓallin rage gudu a jikin rimot, da shi nake fara ba kowa.

Saura maganar da ake yawan yi mini, ta sa inji marar burushi. Yana da kyau, ba ya cin burushi, kuma da yake a rufe yake ƙura ba ta samun sa kamar wancan. Amma ka yi lissafi tukuna. A irin tawa, na'urar karɓar saƙon rimot da mai sarrafa gudu a haɗe suke cikin akwati ɗaya, ɗan injin sitiyari kuma mai waya biyar ne. Da ka canja inji, dole ka canja mai sarrafa gudu. Da ka canja shi, ka rasa na'urar karɓar saƙo, sai sabon rimot. Sabon kuma da injin sitiyari mai waya uku yake aiki, shi ma sai ka saya. Ƙarin ƙarfin zai bi ta kan sandunan da ke juya tayoyi da giyoyin ciki, su ma su nemi na ƙarfe mai tauri. Kafin ka gama ka kusa biyan kuɗin wata motar. Wanda ya san gudu yake so, ya sayi wadda ta zo da marar burushi tun daga kamfani. Ni zan bar nawa sai burushinsa ya ƙare, kuma ko a lokacin wani 550 ɗin zan sa, don kuɗinsa bai kai na batir ɗaya mai kyau ba.