Majigi mai 16 ko injin silima mai 35? Amsa ga ƙanena da ya tambaya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari sai na samu natsuwa, don abu ne da na zuba kuɗina a ciki har sau biyu. Tsakanin majigi mai milimita 16 (faɗin zaren fim ɗin da yake ci ke nan) da aka yi maka tayi a Sabon Gari, da kan injin mai 35 da aka ce daga tsohon gidan silima aka kwance shi, ɗauki mai 16. Shi ne zai nuna wa ɗalibanka fim ɗin zare a wannan zangon karatun. Ɗayan zai zauna a sito.

Nawa mai 16 ɗin Eiki ne, ƙirar Japan, kuma a hannun wani dattijo na saye shi a Fagge, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana bin motar majigi ƙauye-ƙauye. Ranar da na kai kuɗi ƙin karɓa ya yi. Ya ce sai ya ga na iya ɗaura zare tukuna. Sati guda na yi ina zuwa bayan la'asar, yana ba ni wani tsohon guntun fim da ba a damu da lalacewarsa ba, ina bi da shi ta kan haƙoran sama da ke jan zare, in shigar da shi ƙofa, in zagayo da shi gangar sauti, in fitar da shi ta haƙoran ƙasa zuwa faifan karɓa. Duk sanda na matse zaren sai ya sa ɗan yatsansa ya ɗaga lanƙwasar da ke saman ƙofa, ya ce, "Yaro, ka bar masa wurin numfashi."

A wannan maganar tasa na fahimci injin gaba ɗaya. Zare tafiya biyu yake yi a lokaci guda. A kan haƙora gudu yake ba tsayawa. A ƙofa kuwa, wato inda haske ke ratsa shi, tsayawa yake yi cak sau 24 a kowace daƙiƙa: farce ya fito ya kama hujin gefe, ya jawo hoto ɗaya ƙasa, ya koma, ita kuma shata tana tare haske a daidai lokacin da ake jan, don kada ido ya ga motsin. Lanƙwasar sama da ta ƙasa su ne ke sasanta gudun nan da tsayuwar nan. In suka ɓace za ka ji injin ya canza murya, hoto ya fara rawa, kuma kafin ka kai hannu farce ya yayyage huji. Ta ƙasan tana da wani aikin kuma. A fim mai 16, sauti yana gaban hotonsa da hoto 26, saboda a ƙasa ake karanta shi, inda wani ɗan ƙaramin ƙwai ke haska layin sautin da ke gefen zare. In ka yi lanƙwasar da yawa ko ka rage ta, baki zai motsa daban, magana ta fito daban.

Daren da na fara haska shi a ƙofar gidanmu ba zan manta ba. Farin zanin gado muka kafa a bango. Dattijon ya haɗa mini da wani ɗan faifai mai ƙafa 400, baƙi da fari, ba sauti, hawan sallah ne na da. Yara suka cika tabarma, janareta na can nesa da doguwar waya don kada ƙararsa ta dame mu. Da dawakai suka fito, wata gwaggonmu da ta zauna a bakin zaure ta tashi ta matso har inuwarta ta hau zanin, tana nuna ganuwa da wata ƙofa, tana faɗa wa jikoki inda suke tsayawa kallo suna 'yan mata. Minti 11 ne faifan. Sau huɗu na mayar da shi a daren, ba wanda ya tashi.

Ga lissafin da zai amfane ka. Mai 16 yana cin ƙafa 36 na zare a minti ɗaya. Faifai mai ƙafa 1,600 zai ba ka kusan minti 44, wato darasi guda ke nan, kuma fim mai awa biyu faifai uku ne. Injin kansa akwati ɗaya ne da lasifikarsa, mutum ɗaya zai ɗauka ya sa a adaidaita. Ƙwansa halojin ne mai bolt 24, wat 250, lambarsa ELC, har yanzu ana samunsa, sai dai awa 50 ne kusan rayuwarsa, don haka ka sayi biyu ko uku ka ajiye, kuma kada ka taɓa cikinsa da yatsa. Da madubin da aka saba haɗo shi da shi, mai milimita 50, in ka ja baya ƙafa 20 za ka samu hoto mai faɗin kusan ƙafa 4. Ya ishi aji in an rufe tagogi. Kuma ka tuna, irin finafinan da kake son nuna wa yara, na noma, na lafiya, na tarihi, na labaran gwamnati, galibi a kan 16 aka rarraba su, don da shi motocin majigi da makarantu suka yi aiki. Kodak ce ta fito da shi a 1923, tun asali don gida da makaranta.

Mai 35 kuwa, ba zan ci haƙƙinsa ba, hotonsa ya fi kyau nesa ba kusa ba. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Na sayi ɗaya shekarun baya saboda kewar Plaza da Orion da Eldorado, ya kuma zame mini kaya. Abin da ake kira "kai" kashi ɗaya ne cikin kayan. Kana buƙatar gindin ƙarfen da yake zama a kai, gidan fitila, na'urar da ke juya wuta ta ciyar da fitilar, amfilifaya, da bututun fitar da zafi. In fitilar ta gawayi ce, irin wadda sanduna biyu ke ci da wuta, sandunan za ka nema ka rasa. In ta zinon ce, ƙwai ne mai matsi a ciki da ba a canza shi sai da kariyar fuska. Shi ƙafa 90 yake ci a minti, faifai mai ƙafa 2,000 minti 20 ne da ɗoriya, shi ya sa gidajen silima ke ajiye inji biyu, ofareta na kallon ɗigon da ke bayyana a kusurwar sama ta dama don ya kunna na biyu. Da inji ɗaya, duk minti 20 sai ka tsaya. In fim ɗin sikof ne, wato mai faffaɗan hoto, kuma ba ka da madubinsa na musamman, mutane za su fito sirara dogaye. Nawa bai taɓa haska bango ba, a ƙarshe 'yan gwangwan ne suka auna shi.

Amma babban abin da ya sa nake hana ka shi ba wahala ba ce, tsoro ne. Fim mai 35 da aka yi kafin farkon shekarun 1950 a kan naitiret aka buga shi. Wannan zaren in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, don da kansa yake samar wa kansa iskar ci, kuma wanda ya fara ruɓewa yana iya tashi da kansa a zafin digiri 40 da 'yan kai, zafin da ɗaki mai rufin kwano a Kano yake wucewa a watan Afrilu. Mu 'yan Kano ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba. Gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka sama da 300, daga ɗakin inji ta tashi. Allah Ya jiƙansu. Injin da aka kwance daga tsohon gidan silima yakan zo da gwangwanaye a matsayin gyara, kai kuma makaranta za ka kai su. Mai 16 kuwa, tun farkonsa a kan zare marar saurin kamawa aka yi shi. In wani ya ba ka mai 35, ka karanta rubutun da ke gefen zaren, galibi ana buga NITRATE ko SAFETY a wurin. In na farko ka gani, kada ya kwana a gidanka.

Yanzu maganar masu sayarwa, ko da yake ba ka tambaya ba. Kada ka yi cinikin biri a sama. Wanda ya kunna maka fitila ya haska bango fari ya ce "ka ga yana yi", bai nuna maka komai ba. Inji sai da zare a ciki ake saninsa. Ka je da faifanka, wanda ba ka jin asararsa, a ɗaura a gabanka ya yi minti goma, sannan ka warware ka duba huji da fuskar hoton a hasken rana. In ka ga sabon layi ya bi tsawon zaren, ƙofar tana da datti ko tsatsa. In huji ya tsattsage, farce ya ci ko haƙori ya lanƙwashe. Ka saurari sauti ma, don da yawa ƙwan sautinsu ya mutu ko amfilifaya ta ƙone, sai a ce maka "ai fim ɗin ne ba murya". Akwai masu wanke inji da man juye ya yi ƙyalli a waje, bel ɗin ciki kuwa ya narke ya zama kamar kwalta. Ka ce a buɗe bayan ka gani da idonka.

Sai farantin da ke jikinsa. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su na Amurka ne, bolt 110 zuwa 120, bugun wuta 60 a daƙiƙa. Tamu 230 ce, bugu 50. Tiransifoma za ta gyara maka bolt, ba za ta gyara bugu ba. In motar injin irin mai bin bugun wuta ce, maimakon hoto 24 a daƙiƙa za ta ba ka 20, muryar kowa ta yi kauri ta yi nauyi. Wasu suna da wurin sauya bel tsakanin 50 da 60, wasu ba su da shi. Mai kaya ba zai faɗa maka wannan ba, wani ma bai sani ba. Ka kuma tabbatar mai sauti ne. Tsofaffin da ba su da sauti haƙori biyu gare su, hagu da dama, shi kuwa fim mai sauti huji gefe ɗaya gare shi, ɗaya gefen layin sauti ne. In ka ɗaura shi a irin wancan, haƙoran za su huda muryar daga farko har ƙarshe, kuma ba gyara.

Faifan da za a haɗa maka da su, ka buɗe kowane gwangwani ka shinshina. In ka ji warin tsami mai hawa hanci irin na binega, zaren ya fara cin kansa, zai ƙanƙance ya kanannaɗe, kuma yana shafar na kusa da shi, don haka ka ware shi. Daminarmu ce ke hanzarta wannan, hunturu kuma ya busar da shi ya cika shi da ƙura. Mai launi da ya koma ja-ja, rininsa ne ya koɗe, ba laifin inji ba ne, amma kada ka biya kuɗin mai kyau a kansa. Mahaɗa ma ka bi su da yatsa. Na ga inda aka haɗa zare da salatif na ofis, wanda ke narkewa ya manne, har da inda aka sa fil.

Abu na ƙarshe da nake roƙonka a kai. Ba duk zaren da ke cikin gwangwani ne na haskawa ba. In ka ɗaga ka ga fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, ko duk zaren ya yi ruwan lemo, nagatif ne, wato uwar da aka ciro daga kyamara, wadda daga ita ake buga kwafin da ake nunawa. Sau da yawa ita kaɗai ce a duniya. Kada ta shiga majigi, farce ɗaya zai yi mata tabon da ba ya fita. In kuma ka samu gwangwani a naɗe da salatif baki ɗaya, ba a buɗe ba, mai yiwuwa an ɗauka ba a wanke ba. Buɗe shi a haske kashe shi ne. Kada kuma ka kai wa mai wankin hoton kati, don nagatif mai launi na silima wankinsa daban ne, ECN-2 ake ce masa, kuma yana da wani baƙin shafe a bayansa da ake fara cirewa, in ya shiga injin wankin hoto zai ɓata ruwan ya ɓata fim ɗin. Irin wannan kayan, ka fara tuntuɓar Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos, can ne ma'adanar finafinai ta ƙasa take.

In ka shirya komawa wurin mai kayan, ka yi mini magana ta akwatin saƙo mu je tare ranar Asabar da hantsi, kafin kasuwa ta cika. Zan zo da faifan gwaji da ƙwai ɗaya. Kai kuma ka zo da tocila da farin ƙyalle, kuma kada ka ba da kafin alƙalami sai mun ji muryarsa.