Garin ƙarfe ko ƙwayar gado: wanne ya fi bin sawun ƙwayoyin da aka dasa a zuciya?

Bayan bugun zuciya ya kashe wani ɓangare na tsoka, masu bincike kan yi allurar ƙwayoyin halitta na asali, wato waɗanda ke iya rikiɗewa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki, a wurin ko za su taimaka ya farfaɗo, matsalar ita ce da zarar sun shiga ba ka san inda suka nufa ba, kuma yawancinsu cikin 'yan kwanaki sun mutu ko jini ya kwashe su. Shi ya sa ake musu alama don MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ta gan su.

Hanya ta farko, a ciyar da su garin ƙarfe mitsi-mitsi kafin allura. A hoto sai ka ga baƙin ɗigo ɓaro-ɓaro a bangon zuciya, ga sauƙi. Amma fa nan gizo ke saƙa, in ƙwayar ta mutu ƙarfen ba ya tafiya, ƙwayoyin garkuwar jiki masu share datti su haɗiye shi su zauna a wurin, kai kana kallon ɗigo kana murna alhali ƙwayoyin da aka dasa tuni sun mutu. Ga shi jinin da ya kwanta a tabon ma baƙi yake fitowa, in kuma ƙwayoyin suna rabuwa gida biyu suna hayayyafa alamar sai ta dinga dusashewa.

Ta biyu, a saka musu ƙwayar gado, wato umarnin halitta da ake gada, da za ta sa su ƙera furotin ɗin feritin mai tara ƙarfe da kansu. Mai rai ce kawai ke ci gaba da ƙerawa, 'ya'yanta ma su gada. Sai dai alamar ba ta da ƙarfi sosai, kuma taɓa gadon ƙwayar da za a sa wa mutum ba wasa ba ne, shi ya sa aikin ya fi yawa a kan dabbobi.

Ni dai in tambayar ita ce ina allurar ta sauka, ƙarfe ya wadatar. In ko suna raye bayan wata guda ake son sani, gaskiya ta biyun nake so a dage a kai.