Masu tsohuwar 504, ku kula da masu cewa za su sa muku babban inji

Salam jama'a. Don Allah duk wanda yake da tsohuwar Peugeot 504 ko 505 a gida, ko ta gado ce ko siya yayi don sha'awa, ya karanta wannan kafin ya miƙa wa wani makullinsa. Akwai wasu mutane yanzu da suke tallata kansu a Facebook da TikTok wai su ƙwararru ne wajen cire tsohon inji su sa V6, wato babban inji mai silinda 6, zaka ga bidiyon mota tana ƙara tana tada ƙura, a ƙasa an rubuta a tuntuɓe su ta WhatsApp. Ba duka ne ɓarayi ba, akwai makanikai na gaskiya masu yin aikin nan da kyau, amma akwai waɗanda injin ka na asali kawai suke hari, kuma su nake magana akai.

Abin ya faru da ƙanin mahaifina. Motarsa 504 ce haɗin Kaduna, irin waɗanda PAN, kamfanin Peugeot na Najeriya, ta fara haɗawa tun 1975, inji mai silinda 4 lita 2.0 da kafireto, ba abin da ke damunta sai ɗan hayaƙi da safe. Wani ya same shi yace Alhaji wannan motar ai V6 ya kamace ta, ka bada rabin kuɗi kafin alƙalami in ɗauko maka ɗan Beljiyam, tsohon injin kuma a barshi a gareji a rage maka wani abu. Ranar da aka kai motar ranar aka sauke injin, kuma daga nan bamu sake ganin injin ba, kafireto da distiributa da lagireto duk sun bi shi. Kayan 504 na asali yanzu wahalar samu suke, duk wanda ya shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka neman su ya sani, shi yasa suke da mai siya tun kafin ma a kwance su. Motar tayi watanni a kan duwatsu, yau ace kaya na hanya daga Legas gobe ace kwastan sun riƙe, jibi ace ƙaro kuɗi dala ta tashi. Da aka matsa wa mutumin sai ya kawo wani inji da aka wanke da fetur aka fesa masa fenti, ɗan gida ne da ya gama aiki a wata motar, lambar jikinsa ma an goge ta da giranda.

Abin da yafi ƙona min rai shine ƙaryar tasu bata da wuyar ganewa in mutum ya san motar. Injin V6 na Camry da suke yawan ambata, lita 3.0, a gicciye yake zama kuma tayoyin gaba yake ja. 504 tayoyin baya take ja, injinta a tsaye yake daga gaba zuwa baya kuma a ɗan kishingiɗe, sannan farfelarta a cikin bututu take wanda ya haɗe giyabos da aksul na baya. To giyar Camry ba zata taɓa aiki a wurin ba, sai an nemo giyabos na mota mai jan baya an yi masa farantin haɗi, an sake kujerun inji, an gyara farfela. Kuma injin zamani ba kafireto gare shi ba, yana buƙatar birenbos ɗinsa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, da wayarin ɗinsa cikakke da famfon mai mai ƙarfi, wasu ma sai da makullinsu na asali suke tashi. Duk wanda yace maka aikin sati ɗaya ne kuma kuɗin inji kawai zaka biya, wallahi ko bai san aikin ba ko ya san abin da yake shirya maka.

Suna da wata magana da suke kafa hujja da ita, wai ai kamfanin ma ya sa V6 a 504. Gaskiya ne, a 1974 sun sa V6 lita 2.7 a 504 mai ƙofa biyu, daga baya 505 ma ta samu V6. Amma kamfani da ya sa ai ya haɗa shi da giya da birki da lagireto da suka dace da shi. Injin 504 na gida ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, ka ɗora mata mai kusan ninki biyu ka bar birki da shokozoba masu shekara arba'in, a hanyar Kano zuwa Zariya wa zai tsayar da ita? Iyalinka ne fa a ciki.

In har kana son yin aikin, kar ka tura kuɗi a akawun da sunansa ya bambanta da na mai garejin, kuma kar ka yarda da bidiyo, kace ya nuna maka mota ɗaya da ya gama ka hau ta, ka yi magana da mai ita. Ka je kasuwa da makanikenka ku zaɓi injin tare. Ku duba gefen murfin sama da kaskon bakin mai, in kun ga gam sabo ya tsattsafo ko kawunan notina sun cinye, an taɓa buɗe shi. Ku buɗe wurin zuba bakin mai ku leƙa, baƙin dasƙararren datti ko mai da ya koma kamar madara duk alamar matsala ce, kuma wasu suna zuba mai mai kauri don ya ɓoye ƙara da hayaƙi, saboda haka a gwada kwamfireshin na kowace silinda a gabanka. Rasit kuma lallai a rubuta lambar inji a kai, don takardun motarka tsohuwar lamba ce a jiki, ranar da 'yan sanda ko VIO suka duba kai za a tambaya, in kuwa injin sata ne kai za a riƙe.

Tsohon injin ka kuwa, ranar da aka sauke shi ka sa a ɗora a Keke ko a-kori-kura a kai maka gida da duk tarkacensa. Kar ka yarda da zancen a rage maka kuɗi da shi sai an gama aiki ka hau motar ka gamsu, don in sabon ya ƙi, da shi zaka dawo da motar kan titi.

Mu dai yanzu maganar tana gaban shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA na yankin, kuma mun kai rahoto ofishin 'yan sanda da rasit ɗin banki da saƙonnin WhatsApp. Wanda irin haka ta same shi kar ya goge saƙo ko ɗaya, ya ɗauki hoton motar yadda take a garejin yau, kuma don Allah ku tura wa dattawan da kuka san suna da irin motocin nan, yawancinsu basa hawa Facebook, a majalisa ko bakin masallaci ake samunsu da wannan tallan.