Kekunan haya na birni: inda suke amfani da inda masu shakka suka yi gaskiya

Mai son auna tsarin kekunan haya na birni kada ya ɓata lokaci a kan keken, tashoshin zai duba. Keken kusan iri ɗaya ne ko'ina: nauyinsa kilo 20 zuwa 23, giya uku a ɓoye cikin cibiyar tayar baya, birki a rufe don kada ruwa da ƙura su shiga, sarƙa cikin murfi, sai fitila mai kama kanta da zarar taya ta juya. Nauyin da gangan ne. Keken da mutum biyar ko shida za su hau a yini, ya kwana a waje ana ruwa ana rana, ba a yin sa sakayau. Notinansa ma ba irin na kasuwa ba ne, sifana ta gida ba ta kwance su. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, tafiyar kilomita biyu zuwa huɗu, ba shi da laifi. A hawa kuwa sai ka ji a cinyarka.

Ɗaukarsa ba wuya: rajista da katin banki a manhaja ko a na'urar tasha, sannan ka buɗe da waya ko da lambar da aka ba ka. Amma kafin ka zare shi daga turke, wato maƙalin da ke kulle keke a tasha, matsa birki biyun, danna tayoyin da babban yatsa, ka juya feda baya ka ga ko sarƙa na nan a kan haƙoranta. Sandar sirdi tana da lambobi a jikinta. Riƙe taka, gobe ba sai ka yi ta gwaji ba. In ka ga an juya sirdi yana kallon baya, wuce shi. Haka mahaya ke gaya wa juna cewa keken ya lalace.

Mayarwa ita ce inda ake yawan samun rigima. Tura keken cikin turke da ƙarfi, jira fitila ta yi kore, sannan ka ja shi baya ka tabbatar ya kamu. In bai kamu ba, a wurin kwamfuta har yanzu yana hannunka, kuɗi na ta hawa, kuma in wani ya zare shi ya tafi, kai za a bi. A Landan tarar keken da bai dawo ba tana kaiwa fam 300, a Niyok dala 1,200. Yawancin biranen sun yanka farashi a kan minti 30 ko 45 na farko, bayan nan kuɗin ya yi ta tashi. Ba mugunta ba ce, so ake keken ya yi ta yawo. Mai neman keken yini guda ya je shagon haya, ya fi masa araha.

Babbar matsalar tsarin ita ce mutane duk gefe ɗaya suke nufa. Da safe kowa na barin unguwa zuwa tsakiyar gari, sai tashoshin unguwa su zama fayau, na bakin ofisoshi kuma su cika maƙil, ka iso da keke ba inda za ka ɗaure shi. Da yamma abin ya juya. Inda akwai tudu abin ya fi muni, domin kowa na son gangara, ba mai son hawa. Shi ya sa Vélib' na Faris, wanda aka buɗe a 2007, ya riƙa ba da kyautar minti 15 ga wanda ya mayar da keke tashar da ke kan tudu. Citi Bike na Niyok yana ba da maki ga masu kai keke daga cikakkiyar tasha zuwa wadda ta ƙare. Duk da haka sai an sa motoci suna kwashe kekuna suna rarrabawa, kuma wannan aikin yana cikin abin da ya fi cin kuɗin gudanarwa. Ƙa'idar da masu tsara birane ke bi ita ce tasha kusan kowace mita 300, turke biyu zuwa biyu da rabi ga kowane keke, kuma a hau kowane keke sau huɗu zuwa takwas a yini. In ya gaza huɗu, kuɗi ne ke zaune a rana; in ya haura takwas, mutane sun fara rasa keke. Birnin da ya watsa tashoshi 50 a faɗin gari don kowace unguwa ta samu ɗaya, ya kashe tsarin tun kafin a buɗe.

To, masu shakka fa, masu cewa za a sace kekunan, tsarin ba zai ciyar da kansa ba, kuma ba zai rage motoci ba? Tsoron sata yana da tushe. Fararen kekunan da aka bari ba kwaɗo a Amsterdam a 1965 ba su daɗe ba, kuma Faris ta yi asarar dubbai a shekarun farko. Sai dai tun da aka ɗaure kowane hawa da katin banki da sunan mai shi, sata ta zama abin da ake iya lissafawa cikin kasafi.

A batun kuɗi kuwa sun yi gaskiya. Da wuya kuɗin mahaya kaɗai ya riƙe tsarin. Na Faris kamfanin JCDecaux ne ya ɗauki nauyinsa a madadin allunan talla, na Landan ya fara a 2010 da sunan bankin Barclays, daga 2015 ya koma Santander. Kamfanin da ya ƙera tsarin Bixi na Montreal ya durƙushe a farkon 2014, sai da birnin ya karɓi ragamar. Wanda ya ce wa majalisar birni tsarin zai ciyar da kansa, a tambaye shi ina ya taɓa gani.

Haka ma maganar rage motoci, an cika ta da gishiri. Akasarin mahaya da ƙafa suke tafiya a da, ko a bas ko jirgin ƙasa. Wani bincike na 2014 ya gano cewa a Landan kusan kashi 2 cikin 100 na tafiye-tafiyen ne suka maye gurbin mota, har motocin rarraba kekuna suka ci kilomitocin da suka fi waɗanda aka rage. A Melbourne da Minneapolis adadin ya kusa kashi 20. Ainihin amfaninsa shi ne ɗan guntun nan tsakanin tashar jirgi da wurin aiki, wanda ya yi wa ƙafa nisa, ya yi wa tasi kusa.

Dokar tilasta hular kwano ita ma tana karya tsarin, tunda wanda ya yanke shawarar hawa nan take ba ya yawo da hula a jaka. Seattle ta rufe nata a 2017, Melbourne a 2019, kuma a lokacin duk biyun suna da wannan doka, ga ƙarancin tashoshi.

Kekuna marasa turke, irin na kamfanonin Ofo da Mobike da suka mamaye biranen Sin, sun kawar da matsalar cikar tasha, suka kawo wata: kekuna zube a hanyar masu ƙafa, tsibi-tsibi a filaye, kuma da Ofo ya shiga matsala a 2018 miliyoyin mutane suka yi ta layin neman kuɗin ajiyarsu. Shi ya sa birane da yawa yanzu suke ƙayyade adadi, su shata wurin ajiyewa da fenti.

Kafin ka biya kuɗin shekara, buɗe manhajar na mako guda a daidai lokacin da kake fita, ka ga kekuna nawa ke tashar kusa da kai, da turaku nawa ke sake a inda za ka sauka. Ka kuma tabbatar akwai tasha ta biyu cikin tafiyar minti biyar a kowane ɓangare. In babu, sayi tikitin yini tukuna.